Mangala a Bayan Keke

Mangala, a ma'anarta ta asali, jaka ce mai ciki biyu wadda ake ratayawa a gadon bayan jaki ko takarkari, wato san da aka hore shi ga ɗaukar kaya, ta yadda rabin kayan zai sauka ta dama, rabin kuma ta hagu, tsakiyarta kuwa ta kwanta a kan akumari, matashin nan da ake shimfiɗa wa dabba don kada kaya su ci mata baya. Hausa tana da yalwar sunayen jakunkuna, kuma kusan kowace an san ta ne da abin da take ɗauka ko da mutumin da yake riƙe ta: taiki na fata ne kuma na hatsi, waga ta fatake ce da ayarin goro, gafaka ta almajiri ce da littattafansa, zabira ta wanzami ce da asakensa, burgami kuwa na matafiyi ne da guzurinsa. Mangala ta fita daban a cikinsu, domin sunanta ya rataya ne a kan yadda take zama a bayan dabba. Idan aka sa wuƙa aka raba ta a tsakiya, abin da zai rage buhu biyu ne, sunan mangala kuma ya tafi, ko da ba a zubar da ƙwayar hatsi ɗaya daga cikinta ba.

Kamar yadda ya faru ga mazubai da yawa, mangala ta zama ma'auni. A karkarar Kano, inda gonaki suke manne da juna kuma ba a barin ƙasa ta huta, manomi yana ƙirga takin da ya kai gonarsa da mangala, kuma Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya yi nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna suke shiga birni da itace su fito da taki. Haka keso, wanda asalinsa jakar tabarma ce, ya zama sunan wuri 20,000 a zamanin kuɗin wuri. Haka jaka ta zama fam 100, daga baya naira 200. Haka kuma jika ta zama sefa 1,000 a bakin Hausawan Nijar. A Fulatancin arewacin Kamaru ma kalmar booro, wadda take nufin buhu, ita ce ake kiran sefa 1,000 da ita. Sai dai mangala ma'auni ce mai sassauci, tun da girmanta yana bin ƙarfin jakin ne, kuma mai saye da mai sayarwa duka sun san da haka.

Karin magana bai cika ambaton mangala da sunanta ba, amma ya san duniyar da take ciki. Ana cewa an bar jaki ana dukan taiki, idan aka ƙyale mai laifi aka huce a kan wanda ba shi da bakin magana, kuma a wannan magana jakar tana wakiltar wanda ake ɗora wa abin da bai aikata ba. Ana kuma cewa kaya ya tsinke a gindin kaba, wato matsala ta auku a daidai inda maganinta yake, domin da ganyen kaba ake tufka igiyar ɗauri. Wannan magana ce ta mutanen da suka san cewa kowane ɗauri yana da ranar tsinkewarsa, abin dubawa kawai shi ne wurin da zai tsinke. Waƙa kuwa ta fi karkata ga abin hawa mai daraja da mahayinsa. Narambaɗa ya yi wa doki waƙa, Mamman Shata ya yi wa direbobi, Ɗan Maraya Jos ya sauko ƙasa har ya yi wa karen mota, amma da wuya a ji makaɗin da ya tsaya wasa jakar da take ɗaukar taki da yashi da jar ƙasar gini. Dalilin a fili yake: kayan doki, irin su jalala da likkafa da linzami, ana yin su ne don a gani, mangala kuwa ana yin ta ne don a gama aiki kafin rana ta take.

Da keke ya shigo ƙasar Hausa da maƙwabtanta a zamanin mulkin Turawa, sai ya tarar da kalmomin doki da na jaki suna jiransa. Mazauninsa ya zama sirdi, tuƙinsa ya zama hawa, ɗaukar mutum a bayansa ya zama goyo, shi kansa aka yi masa kirari da dokin ƙarfe, sunayensa kuma suka yawaita, daga basukur zuwa laulawa zuwa keke, yayin da Fulanin Marwa da Garwa suke ce masa baskur. Siffar da aka san shi da ita a yau, wato tayoyi biyu masu girma ɗaya da sarƙa mai juya na baya, ta samo asali ne daga keken da John Kemp Starley ya fitar a Ingila a 1885, sannan John Boyd Dunlop ya ƙara masa taya mai iska a 1888. Wanda ya mamaye kasuwannin wannan yanki shi ne baƙin keken nan mai taya inci 28 da birkin sanda, wanda kamfanin Raleigh na Nottingham ya yi suna da shi har ya kafa masana'anta a Kano, kafin Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya su karɓe kasuwar saboda araha. Maƙeran Ingila na da suna sa wa ƙafar baya wayoyi 40, ta gaba kuma 32, domin sun san inda nauyi yake sauka. Amma kariyar da suka ɗora masa, wato ɗan dandamalin ƙarfen da yake bisa tayar baya, sun auna ta ne da jakar ma'aikaci da kwandon cefane, kuma ba su yi lissafin buhun albasa ba.

Kolofata, inda buƙatar irin wannan lissafi ta taso, gari ne a gundumar Mayo-Sava ta jihar Arewa Mai Nisa a Kamaru, yana kan fili a gindin duwatsun Mandara, yamma da Mora, kuma tsakaninsa da iyakar jihar Borno 'yan kilomitoci ne. Barebari ne suka fi yawa a cikinsa, tare da Mandarawa da Larabawan Shuwa da mutanen kan duwatsu, Hausa kuma tana cikin harsunan da ake ciniki da su, kamar yadda naira da sefa suke gudana tare a kasuwa ɗaya. Yankin tsohuwar mahaɗar hanyoyi ce, domin Kerawa da take kusa ita ce tsohuwar hedikwatar masarautar Mandara kafin Dulo da Mora, kuma ta wannan yanki Baturen matafiyi Dixon Denham ya bi daga Kukawa zuwa Mora a 1823. Abin da ƙasar take bayarwa kaya ne masu nauyi da arha: albasar rani, gero da dawa, masakwa da ake dasawa a baƙar laka bayan ɗaukewar ruwa, gyaɗa, da audugar da kamfanin Sodecoton mai hedikwata a Garwa yake saye tun kafuwarsa a 1974. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Garwa ta bi Marwa da Mora zuwa Kusiri ba ta ratsa ƙauyukan ba, saboda haka duk abin da zai hau babbar mota sai wani abu ƙarami ya fara fito da shi daga gona.

Shekaru da dama babur ne yake yin wannan aiki, har rikicin Boko Haram ya sauya lissafin. An hana hawan babur a Maiduguri a watan Yuli na 2011. Ranar 27 ga Yuli, 2014, mahara suka shiga Kolofata suka kai hari gidan Amadu Ali, mataimakin firaministan Kamaru na lokacin kuma ɗan garin, suka tafi da matarsa da lamidon garin, waɗanda ba a sako su ba sai a watan Oktoba. A watan Satumba na wannan shekara Banki ta Najeriya, wadda take fuskantar Amcide ta Kamaru a ɗaya ɓangaren iyaka, ta faɗa hannunsu, kasuwancin kan iyaka ya tsaya, kuma a Janairun 2015 aka kai wa sansanin soja na Kolofata babban hari. Da yake a kan babura maharan suke zuwa, hukumomin jihar Arewa Mai Nisa sun taƙaita zirga-zirgarsu a ƙauyukan kan iyaka, sai nauyin ya koma kan jaki da amalanke da keke. Keke ba ya buƙatar mai ko harawa, ba ya ƙara, kuma mai faci da famfo ɗaya ya isa ya tayar da shi. Abin da yake nema kawai shi ne a sama masa hanyar ɗaukar kayan da ba don su aka ƙera shi ba.

A nan ne tsohuwar dabarar jaki take komawa kan ƙarfe. Ɗora buhu guda a bisa kariya shi ne abin da ya fi sauƙi, amma yana ɗaga nauyi sama da cibiyar taya, ta yadda kowace 'yar karkata sai ta ninku a hannun mahayi, idan kuma buhun ya zarce baya sai kan keken ya yi sakayau, tayar gaba ta riƙa neman barin ƙasa. Raba kayan biyu a rataye su gefe da gefe yana sauko da nauyin kusa da cibiyar, kuma yana barin saman kariya fili don wani kaya mara nauyi ko don goyo. Mai yin mangalar keke yakan fara da abin da yake hannu: buhun taki ko na shinkafa na roba, ko ashasha, wato buhun zaren rama, ko yankin tamfol ɗin babbar mota da ya tsufa. Kowanne yana da halinsa, domin buhun roba ba ya shan ruwa amma rana tana cinye shi har ya riƙa marmashewa, ashasha tana barin iska ta ratsa, abin da albasa take so, amma tana ruɓewa da damina, tamfol kuwa ya fi su ƙarko da nauyi da wuyar ɗinki.

Ana yanka aljihu biyu masu girma ɗaya, kuma a nan auna da igiya ya fi auna da ido, sannan a haɗa su da faffaɗan yanki wanda zai kwanta a kan kariya, faɗinsa daidai da faɗinta ko ya ɗan ɗara kaɗan. Wannan yanki na tsakiya shi ne yake ɗauke da dukkan nauyin, don haka ake ninka shi biyu ko uku, a kuma yi masa lafi mai kauri. Tela yakan iya ɗinke buhun roba da keken ɗinki, amma tamfol da kusurwoyi aikin baduku ne da basilla da zaren roba mai kauri, kuma baduku mai sanin aikinsa yakan ɗora ƙyallen fata ko yankin tsohuwar taya a duk inda igiya za ta bi, domin yagewa daga wurin huda take farawa. Abu ɗaya da jaki bai taɓa buƙata ba shi ne ƙarfafa bangon ciki. Haƙarƙarin jaki yana tare jaka, amma gefen keke fanko ne mai wayoyi suna juyawa, saboda haka ake cusa falanki siriri ko faifan da aka yanko daga tsohuwar jarka a bangon da yake fuskantar taya, ko kuma a kai keken wurin mai walda ya sauko da rodi biyu daga kariya zuwa gindin cibiya a kowane gefe. Jakar da ta shiga cikin wayoyi tana tsayar da taya nan take, kuma mahayi ne yake biyan kuɗin wannan sakaci da fatar gwiwarsa.

Kalmar da take mulkin dukkan wannan aiki ita ce rinjaye. A bakin 'yan siyasa da alƙalai rinjaye abin nema ne, wanda ya samu shi ya yi nasara, amma a bakin mai jaki aibi ne, kuma idan aka ce kaya ya rinjaya to an tsaya ke nan a sake ɗauri. Masu jakuna sukan kai ga jefa dutse a ɓangaren da ya gaza, wato su ƙara wa dabba nauyin da ba shi da amfani don su sauƙaƙa mata tafiya, kuma lissafin daidai ne, domin kaya mai nauyi da ya zauna daram ya fi kaya mara nauyi da yake zamewa sauƙin ɗauka. Ɗan garuwa mai gwangwani biyu a kan sanda ya san wannan a kafaɗarsa. Larabci, wanda Shuwa suke magana da wani reshensa a wannan yanki, yana kiran rabin kayan da yake rataye a gefe ɗaya na raƙumi idl, daga tushen da ya ba Hausa kalmar adalci, kuma daga nan ne adila, wato ƙunshin tufafin fatake, ta samo sunanta. Ba lallai ne a ɗora wa wannan dangantaka wa'azi ba. Abin da take nunawa shi ne cewa mutanen ayari sun auna daidaito da bayan dabba tun kafin su auna shi da sikeli.

Bambancin jaki da keke a wannan fage yana da girma. Jaki yana da ƙafa huɗu da ra'ayin kansa, idan kaya ya rinjaya yakan karkata jikinsa ya tare, ko ya tsaya cik ya ƙi tafiya har a gyara, kuma wannan taurin kai da ake zaginsa da shi sau da yawa rahoto ne yake bayarwa. Keke ba ya ƙin komai. Duk rinjayen da aka ɗora masa yana miƙa shi ne kai tsaye ga mahayi, wanda zai yi tafiyar kilomita goma yana jingine da gefe ɗaya ba tare da ya lura ba, sai da dare ƙugu da kafaɗa su gaya masa, jiki kuwa magayi ne. Saboda haka gwajin da masu kaya suke yi kafin hawa shi ne su riƙe sirdi da yatsu su tsayar da keken a miƙe, su ga ɓangaren da yake neman faɗuwa, su kwashe daga can su zuba a nan.

Ɗaurin kansa yana da wurare uku. Na farko shi ne saman kariya, inda ake ɗaure yankin tsakiya gaba da baya don kada ya zame. Na biyu da na uku su ne gindin kowane aljihu, wanda ake jawowa a ɗaure a jikin ƙarfen da ya sauko zuwa cibiya, don kada jakar ta riƙa lilo tana dukan taya a kan gargada. Wannan ɗauri na ƙasa shi ne magajin bauji, igiyar da take bi ta ƙarƙashin cikin dabba. Igiyar rama tana da ƙarfi amma tana saki idan kaya ya zauna, shi ya sa aka fi son robar da ake yankowa daga tsohon tiyub, wadda take bin kaya tana matse shi duk yadda ya motsa. Akwai kuma lissafin diddige: idan aljihu ya matso gaba da yawa ƙafar mahayi za ta riƙa bugunsa a kowane juyin feda, idan ya ja baya da yawa kan keke ya yi sakayau, don haka masu dabara sukan yanke kusurwar gaba ta ƙasa a karkace, su bar wa diddige hanya.

Ruwa da mai suna da nasu hukunci. Jarka mai lita 25 tana ɗaukar kilo 25 na ruwa, ko kimanin kilo 18 na fetur, kuma man Najeriya da ake shigowa da shi ta kan iyaka, wanda ake kira zuwa-zuwa a arewacin Kamaru, ya daɗe yana tafiya a irin waɗannan jarkoki a gefen kekuna da babura. A nan mangala takan zama igiya zalla ko kejin rodi, jarkokin su zama aljihunta. Jarka cikakkiya ta fi rabin jarka sauƙin tuƙi, domin ruwan da ya sami fili yana kai-kawo, yana sauya rinjaye daga dama zuwa hagu a tsakiyar tafiya. Idan kuma kaya ya wuce abin da za a iya hawa da shi, ko aka iso yashin mayo, wato kwarin kogin da yake bushewa da rani, ko baƙar lakar damina ta cushe tsakanin taya da madigadi, sai mahayi ya sauka ya koma mai turi. Wannan ba ƙasƙanci ba ne ga keke, domin da kekunan turi masu ɗauke da fiye da kilo 200 mayaƙan Vietnam suka kai abinci fagen Dien Bien Phu, inda suka ci sojojin Faransa a 1954.

A Turai jakar gefen keke ta zama sana'ar masana'antu, kuma Hartmut Ortlieb, wanda ya kafa kamfaninsa a Jamus a 1982, da tamfol ɗin babbar mota ya fara ɗinka nasa, kayan da baduku a Mora zai gane da zarar ya taɓa. Burin irin waɗannan jakunkuna shi ne su rufu ruf, kada ɗigon ruwa ya shiga. A Kolofata kuwa rufi ya zama abin tuhuma, tun bayan hare-haren ƙunar baƙin wake da garin ya sha a 2015 da 2017, lokacin da sojoji da 'yan sintirin sa kai suka riƙa tsayar da mai shiga kasuwa suna duba abin da ya ɗauko. Mangala mai buɗaɗɗen baki, wadda ake hango albasarta daga nesa, tana wuce shinge da sauri fiye da jaka mai marfi da zip, don haka marfin da ya fi dacewa shi ne yankin leda ko tamfol da ake rufawa idan hadari ya taso, a naɗe shi idan ya wuce. Waɗanda suka yi hasara a wannan sauyi su ne masu ɗauko abin da ba a son idon jama'a a kansa ba don laifi ba, kamar kayan lefe ko ɗan abin da mutum ya sayar na gado, tun da sutura ma tana cikin aikin jaka.

Saukewa tana da ƙa'idarta, kuma a nan ne sabon shiga yake yawan kayar da kekensa. Idan aka kwashe aljihu ɗaya gaba ɗaya, ɗayan zai ja keken ƙasa, ya lanƙwasa kariya ko ya karya wayoyi, don haka ake jingina shi da bango ko bishiya, a riƙa ɗiba daga nan a ɗiba daga can, ko a sami wanda zai riƙe sirdi har a gama. Bayan an sauke akan kwance mangalar a kakkaɓe ta a ajiye a inuwa, saboda rana ta fi kaya saurin kashe buhun roba, sannan a bi wayoyin tayar baya ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a ɗaure wadda ta saki kafin ranar kasuwa ta gaba.